Hanyar Keke a Gonar Aro

Wanda bai san Kwarin Ɗinya ba, ko ya shekara yana bin titin Dutse zuwa Jahun ba zai yi zaton akwai gona a bayan waɗannan duwatsun ba. Daga titi ba abin da ake gani sai manyan duwatsu sun hau kan juna, kawunan giginya da na dabino suna leƙowa ta samansu. Sai mutum ya bi wani tsuki da ko jaki mai mangala sai ya gogi dutse, ya hau, ya gangara, sannan kwarin ya buɗe a gabansa. Gonaki biyu ne suka cika shi daga wannan dutse zuwa wancan. Ɗaya ta wani Tasi'u ce, ɗayar Malam Jaji ke noma ta. Daga ƙarshensu ƙauye ya fara.

Ta Malam Jaji aro ce. Alhaji Bunu, mutumin Haɗeja mai fataucin busasshen kifi da ke zaune a unguwar Takur cikin Dutse, shi ya saye ta tun ana yayin sayen fili a Dutse. Ya zo ya gan ta, ya ga ba ta inda mota za ta shiga, bai sake waiwayarta ba. Da gari ya cinye gonar gadon su Jaji, limamin ƙauye ya shige masa gaba har gidan Alhaji, aka ba shi ita ya noma. Ba takarda, ba jinga. Kowace kaka yakan zaɓi dammunan gero mafiya kyau ya kai Takur, don kowa ya tuna gonar ta wace ce. Sama da shekara ashirin ke nan, daga ita gidansa ke ci.

Kuma ya san dokar aro kamar yadda ya san sunansa. Mai gonar aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya ba da hanya. Da rani, in an kwashe amfani, kowa na ratsa kwarin ya fita titi, ba mai hanawa, domin hanyar rani ruwan farkon damina ke kashe ta. Amma hanyar da aka taka da damina, shuka na tsaye, da yardar mai noma, wannan ta zama ta jama'a. Mai aron da ya yi haka ya ba da abin da ba nasa ba.

Jaji mutum ne mai zullumi. In hadari ya taso yana tsoron iska, in bai taso ba yana tsoron fari. Matarsa Zinariya takan ce ko rijiyar zuma aka ba shi, sai ya fara tambayar ina murfinta. Babban zulluminsa kuwa Kamilu ne, ɗansa na fari, wanda saboda alkunya bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan". Kamilu ya gama difloma ya dawo gida ya zauna. Ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, daga baya ya koma barci har hantsi da zaman bakin titi. Jaji ya ga yadda zaman bakin titi ya yi da 'ya'yan wasu, shi ya sa ko tari yaron ya yi sai ya kasa kunne.

Keke ne ya tashe shi. Ya fara taya wani mai facin keke aiki a Takur, a nan ya haɗu da wasu mutane masu motoci a gida, amma ran Asabar sai su hau keke su yi ta zaga duwatsu ba aike ba saƙo. Shi Jaji a saninsa keke abin hawan wanda bai kai ga babur ba ne. Amma da ya ga yaron ya fara tashi da asuba, ya daina zaman banza, yana yini a cikin duwatsu yana nemo musu hanyoyi, sai ya ce wa Zinariya, "Ko ma mene ne, ya fi zama."

Wata Laraba da yamma, damina ta yi nisa, Kamilu ya dawo daga Takur inda ya ɗan kwana biyu. Bai ko jingine keken da kyau ba ya durƙusa gaban ubansa, bakinsa har kunne.

"Baba, ran Asabar manyan baƙi za su zo. Daga Kano, har da na Abuja. Ni zan ja su."

"Da ruwan nan?"

"Ai shi suke so, Baba. Yanzu ne dutse ya yi kore. Shugabansu, Injiniya Talha, ya ce in tafiyar ta yi kyau ni zai riƙe, aiki sosai, ba na Asabar kaɗai ba."

Zinariya ta saki muciya ta ɗaga hannu sama. Jaji ya gama ɗaure ƙotar fartanyar da ke hannunsa, sannan ya ɗago.

"Ta ina za ku bi?"

Kamilu ya miƙo waya. Wani jan zare ne a kan taswira, ya taso daga Takur, ya zaga bayan duwatsu, ya hau tsukin nan, ya sauko kwari, ya ratsa gonar Tasi'u ya fita ƙauye.

"Ai wannan gonar mutum ce," in ji Jaji.

"Saura ce, Baba. Tun yaushe Kawu Tasi'u ya bar ta ya tafi kudu? Da rani na bi ta, ba komai sai ciyawa."

"Da rani. To ya dawo. Riɗi ya zuba mata bana, daga dutse har shingena."

Fara'ar Kamilu ta ragu, amma nan da nan ya maido ta. Ya ce ba komai, zai je ya same shi, ai gefe kawai za su bi, su tura kekunan da hannu. Taswirar an riga an aika wa kowa, ba ta canzuwa yanzu. Jaji ya so ya ce bari ni in je, sai dai uba ba ya yawo gida gida yana roƙa wa ɗan fari alfarma, mutane su ce ya rasa kara. Ya ce wa Zinariya ta tuna wa yaron. Ta tuna masa. Kamilu ya je ran Juma'a bai sami Tasi'u ba, ya bar sallahu wurin matarsa, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ran Asabar da hantsi Jaji na cikin gona yana maimai. Geron ya wuce gwiwa, waken da ke tsakaninsa ya fara yaɗo. Tun safe yake ɗago kai yana duban tsukin. Ya kuma ga Tasi'u ya zo da wuri, ya jibge ƙayar aduwa a bakin gonarsa, ya zauna a kan dutse da gora a cinya. Sallahun ya isa ke nan.

Can sai ga su suna gangarowa, ɗaya bayan ɗaya, da hular kwano da baƙin gilashi da riguna masu ƙyalli, har da mata biyu a cikinsu. Kamilu ne a gaba. Jaji bai taɓa ganinsa yana tafiya mutane na bin bayansa ba.

Tasi'u ya miƙe.

"To, birki. Nan ne ƙarshen kwalta."

Kamilu ya sauka ya rusuna. "Ina kwana, Kawu. Jiya na zo gida..."

"Na ji. Ka bar wa mace saƙo za ka tattake min riɗi. Kai ɗan gidan uban wa?"

"Gefe kawai za mu bi, Kawu, turawa za mu yi."

"Gefe? Nuna min gefen. Nuna min inda ban shuka ba." Ya dubi sauran daga sama har ƙasa. "Ku dube su don Allah. Manya da gemu, an matse kamar kwaɗi. Ku ba ku da aikin yi, mu da muke da shi sai ku hana mu?"

Wani dogo mai furfura a haɓa ya cire gilashi ya matso. Shi ne Injiniya Talha. Ya yi sallama da ladabi, ya ce a yi haƙuri, in an ɓata wani abu za a gyara. Ya kai hannu aljihun baya.

"Mai da hannunka, Alhaji," in ji Tasi'u. "Ni ba kuɗin ƙofa na zo karɓa ba. Inda kuka fito, nan za ku koma."

Komawa kuwa ba wasa ba ce. Sai an sake ɗaukar kekuna a kafaɗa an hau dutsen, a zagaya ta titi, rana kuma ta fara zafi. Aka fara gunaguni. Wata daga cikin matan ta zauna a ƙasa ta ce ita kam ƙafarta ta gama. Wani mai ƙiba ya ce da ƙarfi, "Wai shi jagoran bai san garinsu ba ne?" Aka yi dariya. Injiniya ya juya ya dubi Kamilu.

"Ka ce min ka bi hanyar nan da kanka."

"Na bi, yallaɓai."

"Yaushe?"

Kamilu ya sunkuyar da kai. Daga inda yake tsaye, Jaji na hango wuyan ɗansa, gumi na bin sa. Ya san wannan sunkuyon. Shi ne wanda yaron ke dawowa da shi daga neman aiki, wanda barcin hantsi ke biyo bayansa. Ya tuna Alhaji Bunu. Ya tuna dokar aro. Ya ce a ransa shuka dai tasa ce, guminsa ne, in ya ga dama ya taka. Sau ɗaya ne, wa zai sani a wannan lungu? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ya ajiye fartanya ya nufi shingensa, wanda ke dab da bakin tsukin. Ya kama reshen ƙaya ya ja, ya sake kama wani, har ya buɗe wurin da keke zai wuce. Bai dubi Kamilu ba. Injiniya ya yi wa magana.

"Ku bi ta nan, tsakanin layin geron. Miƙe kawai, za ta fid da ku ƙauye."

"Malam Jaji!" Tasi'u ya daka masa kira. "Kana cikin hankalinka? Gonar taka ce?"

"Shukar tawa ce."

"Ƙasar fa? Da damina, Malam Jaji? Wallahi in hanya ta shiga ba ta fita. Ka ce na faɗa maka."

Jaji ya yi kamar bai ji ba. Suka shige ɗaya bayan ɗaya. Na gaba sun tura da hannu, na baya da suka ga wuri a miƙe sai suka hau. Kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Mun gode, Baba, Allah ya saka." Suka yi ta ɗaukar hoto, gero kore shar, duwatsu a baya, tsoho tsaye da ƙaya a hannu. Mai ƙibar nan ya ce ai nan ne wurin da ya fi ko'ina kyau a duk tafiyar. Injiniya ya riƙe hannun Jaji da hannu biyu, ya tambayi Kamilu ko ya san dattijon.

"Babana ne," in ji Kamilu.

Da suka ɓace, Jaji ya mayar da ƙayar, ya bi layin yana ta da geron da aka kwantar, yana tura masa ƙasa da ƙafa. Ɓarnar ba ta da yawa. Ya ce wa kansa an wuce wurin.

Kamilu ya sami aikin. Zinariya ta yi waina ta raba wa maƙwabta.

Asabar ta gaba Jaji ya iso gona ya tarar an janye ƙayar, ga sawun tayoyi sababbi. Wasu ne daban, ba su san Kamilu ba, ba su san Injiniya ba. Ashe wayoyin baƙin farko sun zana duk inda suka taka, suka watsa wa duniya, jan zaren ya tashi daga gonar Tasi'u ya koma ta Jaji. Ya sa Zinariya ta yi wa yaron magana. Kamilu ya ce wallahi ya goge a tasa wayar, amma ta riga ta shiga wayoyin da bai san adadinsu ba.

Da masu keke ne kaɗai, da sauƙi. Amma mutanen ƙauye sun gani, sun kuma ji cewa da hannunsa ya buɗe. Matan da ke kai kaya kasuwar Shuwarin suka gane ba sai sun zaga dutse ba. Masu babur suka biyo su. Ya jibga ƙaya, a janye. Ya kawo duwatsu, a mirgine. Ran da ya tare wani mai babur ɗauke da buhun taki, mutumin ya ce, "Haba Malam Jaji, baƙi masu gajeren wando ka buɗe wa, sai mu da muke sallah sahu ɗaya da kai za ka hana?" Jaji ya matsa masa.

Tasi'u kuwa yakan tsaya a cikin riɗinsa, wanda ko ganye ɗaya ba a taɓa ba, ya ce, "Sannu da aiki, sarkin hanya."

Kafin gero ya fid da kai, layin nan ya zama daɓe. Ya faɗaɗa ya ci na kusa da shi. Ko ciyawa ta daina fita.

"Malam, ka je ka gaya wa Alhaji," in ji Zinariya. "Gara ya ji a bakinka."

"In ce masa me?"

"Ka ce ka yi kuskure. Shekara nawa kuna tare? Ko kara ɗaya ka taɓa ci masa?"

"Bari dai a yi kaka. Ba a zuwa ba da haƙuri hannu na dukan cinya."

Haka ya yi ta ɗagawa. Abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji ƙarar mota ta tsaya a ƙauye sai ya ce saƙon Takur ne. Yana noma yana tsara maganar da zai yi. Zai ce ya tuba. Zai ce da rani zai kafta hanyar da hannunsa, ya kewaye gonar da ƙaya har sama da tsayin mutum, ya kwana a bakinta in ta kama. Zai ce a dubi yaran da ke gida.

Da aka yanke gero, ya zaɓi dammunan da suka fi na kowace shekara, ya ƙara da ƙwaryar dabino, ya ɗauki adaidaita sahu zuwa Takur. Ya tarar da Alhaji Bunu a rumfar ƙofar gida kan darduma, ƙafarsa mai ciwo a miƙe. Jaji ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa.

"A'a, Malam Jaji! Mutumin kirki! Matso nan, matso. Yanzu nake cewa a nemo min kai."

Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina, aka shigar da geron ciki. Sannan Jaji ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, na zo ne da laifi a bakina. Gonar nan, na yi abin da mai aro ba ya yi. Na ba da..."

"Hanya? Ai na gani." Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu. "A waya aka nuna min. Har da kai a ciki, ka riƙe ƙaya kamar mai gadin fada. Wallahi ban san wurin nan haka yake da kyau ba."

"Ranka ya daɗe, da rani zan kafce ta. Zan toshe..."

"Ka toshe? Kul! Kada ka taɓa ta." Ya gyara zama. "Malam Jaji, bari in gaya maka gaskiya. Wurin nan tun da na saye shi nake neman wanda zai karɓe min. Duk dillalin da na tura sai ya dawo ya ce, Alhaji, gona a lungu, ba shiga ba fita, wa zai so? Shi ya sa ka ga na ƙyale maka ita. To yanzu Allah ya kawo mafita ta hannunka. Wani injiniya ya zo, mai harkar kekunan nan. Wurin hutawa zai gina musu, da rumfuna, da wurin shan shayi. Mun gama magana."

Jaji ya ji kamar an zuba masa ruwa a kunne. Ya zo da tuba, an karɓe shi da godiya, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Ranka ya daɗe, duka?"

"Duka mana. Har ya so ya haɗa da ta maƙwabcinka, wannan ya ce gadonsa ce, ba ta sayarwa."

"Alhaji, ita ce cin gidana. Ba ni da wata."

Fuskar Alhaji ta ɗan sauya, ba fushi ba, irin ta wanda aka tuna wa abin da ba ya son tunawa. "Na sani. Amma ai ka ci arziƙinta, Malam Jaji. Shekaru nawa? Na taɓa ce maka kawo wani abu? Ni ma ga ƙafa, ga 'ya'ya sun taso kowa da buƙatarsa. Aro dai sunansa aro." Ya shafa ƙafarsa mai ciwo. "Ni na ma ɗauka da saninka. Ai ɗanka ne ya rako shi har nan. Yaro mai ladabi, Allah ya yi masa albarka."

"Amin," in ji Jaji. Bakinsa ne ya faɗa.

"Saura me a ciki?"

"Wake, ranka ya daɗe. Bai gama bushewa ba."

"To a hanzarta. Masu awo na nan tafe."

Aka kawo masa kunun gyaɗa. Ya sha, don ba a mayar da abin gidan mai gona. Aka ƙunso masa busasshen kifi a leda ya kai wa iyali. Ya yi godiya, ya sake godiya, ya sa takalminsa.

A gida ya tarar da Kamilu a tsakar gida, ya kifa keke yana sa wa sarƙa mai. Jaji ya miƙa wa Zinariya ledar kifin, ya zauna a kan turmi. Ita ya fuskanta.

"Tambayi yaron nan, shi ya kai mutumin gidan Alhaji?"

Kamilu ya saki fedar tana juyawa ita kaɗai. "Baba, tambayata ya yi wa ke da wurin. Ce min ya yi rumfa ɗaya zai kafa a bakin tsuki, inda ba a shuka. Ubangidana ne, in ce ban sani ba?"

"An sayar," in ji Jaji, har yanzu Zinariya yake kallo. "Duka."

Zinariya ta dafe ƙirji ta yi salati. Kamilu ya miƙe tsaye, hannunsa duk baƙin mai.

"Wallahi ban san duka ba ne. Wallahi, Baba." Ya dubi uwarsa, ya dubi ubansa. "Zan yi masa magana. Ai za a buƙaci mai kula da wurin, mai ban ruwan fulawa, mai gadi. Ba zai ƙi ni ba. Kuma ga albashina, ni zan riƙa sayen hatsin gidan nan."

"Ka ji, Malam," in ji Zinariya a hankali, tana share ido da gefen zane. "Bai yi da nufi ba."

Jaji ya san bai yi da nufi ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ba wanda zai kama. Alhaji ƙasarsa ya sayar. Injiniya saya ya yi. Tasi'u gaskiya ya faɗa. Yaro tambayarsa aka yi ya amsa. Ƙayar kuwa ba wanda ya janye ta sai shi. Ya dubi rumbun da ya cika bana, ya san in ya sauka ba mai sake hawa da shi. Mutumin da ya ci da gida da fartanya zai koma jiran ɗansa ya auno masa gero a kasuwa, a mudu.

"Ka riƙe aikinka da kyau," ya ce. Wannan karon ya dubi Kamilu ido da ido. "Ka riƙe shi da hannu biyu. Ya yi tsada."

Ran Asabar ya sammaka roron wake. Rabinsa ɗanye ne, amma masu awo sun riga sun zo, sun kafa turaku masu jan fenti a kusurwoyi, ɗaya ma a tsakiyar inda yake tara harawa. Ya tsinke busasshe da ɗanye duka, ya tuge harawar ya ɗaure. Tasi'u na can yana kaɗe riɗinsa a kan tabarma. Ya ɗago ya dube shi, yau bai yi masa ba'a ba, ya ce, "Sannu, Malam Jaji," ya mai da kai ga aikinsa.

Jaji ya cicciɓi damin harawar ya aza a ka. Ya yi nauyi, ya rufe masa ido ta gefe, ya fito kan daɓen yana tafiya a hankali. Bai ji tahowarsu ba sai da birki ya yi ƙara a bayansa. Wasu samari ne a kan kekuna masu ƙyalli, bai taɓa ganinsu ba, su ma ba su san shi ba.

"Baba, don Allah ɗan matsa," in ji na gaban. "Kana kan hanya."

Ya koma cikin karan gero da kayansa a ka, ya tsaya har suka gama wucewa.